Ana Cin Ta? A'a. To Me Ya Kai Ka Tiga?

Tun da maganar ta fita cewa ina zuwa madatsar ruwa ta Tiga neman wata 'yar tsuntsuwa, kun hana ni sakat. Wasunku na tambaya ko ana cin ta. Wasu na so su ji nawa Turawa ke biya a kan kowace guda, don su ma su shigo harkar tun ba ta cika ba. Akwai kuma masu tausayi, waɗanda ba su ce mini uffan ba, sai suka zagaya suka ba uwargida shawarar a samo mini rubutu in sha, tun abin bai kai ga bin bola ba.

Wanda ya fi kowa zaƙewa, kamar yadda aka saba, wani Bazazzagi ne. Ya ce shi tsuntsuwar ba ta dame shi ba, Bakanon ne ya ɗaure masa kai. Wai tun da yake bai taɓa jin Bakano ya yi sammako, ya sha mai, ya ci kilomita 70 zuwa, 70 dawowa, ya shigo gida ba uwa ba riba kuma yana murmushi ba. "Malam, tsakaninka da Allah, zinare aka gano a Tiga kuke ɓoye mana?" Na gode da wannan shaida da ka yi mana, ranka ya daɗe, cewa mu ba ma aikin baban giwa. Amma a ce garin da ke cika mana baki da jami'a da shehunan malamai shi ne ya rasa tambayar da zai yi a kan tsuntsu sai ta riba, wannan kuma ku je can Samaru ku sasanta tsakaninku.

Masu tambayar tukunya kuma, ba a cin ta. Da gashinta da ƙashinta da komai ba ta kai giram 100 ba, in ka fige ta abin da zai rage bai isa a hura wuta dominsa ba. Tana cikin dangin tsuntsayen da littattafan Turawa ke kira tern, ni kuma nake ce musu tsattsewar ruwa, saboda dogayen fikafikansu masu tsini da yadda suke wuni suna shawagi a kan ruwa. A cikin dangin akwai 'yan ɗaki ɗaya su uku masu bin tafkuna da fadamu. Akwai mai farin kumatu, wadda ta ɗan fi sauran jiki da kaurin baki. Akwai mai farin fiffike, wadda ke zuwa mana garke-garke daga gabashin Turai da Rasha da zarar damina ta ja baya. Ta ukun, baƙar, ita ce ta hana ni barcin safe.

Abin da ya sa ta yi wuyar gani a wajenmu halinta ne. A Turai 'yar fadama ce, tana sheƙa a kan ciyayin da ke yawo a saman ruwa. A ƙasar Holan, da irin waɗannan ciyayi suka yi ƙaranci, sai mutane suka koma haɗa mata 'yan ƙananan dandamali masu iyo suna ajiye mata a ruwa don ta samu wurin yin ƙwai. Ku ji fa, ku masu cewa ni ne ba ni da aikin yi. In ta gama renon 'ya'ya sai su taru dubbai a tafkin IJsselmeer, wanda shi ma ɗan Adam ne ya tare shi daga teku a 1932, su ci su ƙoshi, sannan su nufo Afirka ta Yamma. To amma da ta iso nan sai ta canja hali ta zama 'yar teku. Can za ka same ta a gaɓar Senegal da Ghana da Legas har zuwa Namibiya, tana bin ƙananan kifaye. Ruwan cikin ƙasa irin namu ba wurin zamanta ba ne. Sai dai masu bincike sun ɗaura wa wasu 'yan mitsi-mitsin na'urori a ƙafa, sun gano ba dukansu ke bin gaɓa ba, wasu na yanke ta Sahara. Wadda kuwa za ta tunkari Sahara, ko ta fito daga cikinta, in ta hango ruwa mai faɗi daga sama tana iya sauka ta ɗan sa wani abu a ciki. Wannan saukar nake jira.

Ruwa mai faɗi kuwa Tiga ba ta da na biyu a ƙasar Kano. An gina madatsar a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma in ta cika tana riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Don noman rani aka yi ta, don tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da ruwan shan birni. Ba wanda ya sa tsuntsaye a lissafi. Su kuwa ba su jira takardar gayyata ba.

Ga yadda aikin yake, don masu zaton kujera nake kafawa ina shan iska. Kafin rana ta ɗaga kana bakin ruwa, domin in ta yi sama ƙyallin ruwa sai ya kashe maka ido, in kuma hunturu ne hazo ya haɗiye komai. Farkon abin yi gaisuwa ce. Ka je wurin masunta ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka miƙa musu madubin hangen nesan su leƙa. Kar ka kuskura ka karkata shi wajen bangon madatsa ko inda jami'an tsaro suke, don a zamanin nan mai leƙe da madubi sai ya yi dogon bayani. Wani dattijo da na tarar yana gyaran birgi ya saurare ni har na gama, ya dubi inda nake nunawa, ya ce, "Waɗannan, Malam? Ai kullum suna nan. Farare suke zuwa, baƙaƙe suke tafiya." Na ce, "Baba, abin da littafina ya ɗauki shafi biyu yana faɗa ke nan." Ya yi dariya ya ce to in mayar musu da littafin su ba ni kuɗina.

Gaskiya ya faɗa, kuma nan wahalar take. Sunan baƙa da mai farin fiffike duk na kayan aurensu ne, wato gashin da suke sawa in za su koma gida yin ƙwai. A watannin da suke wajenmu duk sun tuɓe wannan ado. Dukansu farin ciki, bayan toka-toka, ɗan baƙi a ka. Girma kusan ɗaya, tashi kusan ɗaya. Ba sa faɗawa ruwa tsundum irin na 'yan'uwansu na teku. Sai su fuskanci iska su riƙa tafiya sannu-sannu, su yi ƙasa su tsinci ƙwaro ko ɗan kifi a fuskar ruwa da bakin kawai, su sake yin sama, in sun kai ƙarshen inda suke so su juyo da gudu su sake daga farko. A cikin wannan kai-kawo na tsuntsaye masu kama ɗaya ake so ka ware guda.

Alamar da ake nema tabo ne. Baƙar tana da wani ɗan duhu a gefen ƙirji, daidai inda fiffike ya haɗu da jiki, faɗinsa bai wuce kan ɗan yatsa ba. Mai farin fiffike ba ta da shi, ƙirjinta fari fat. Akwai ƙarin shaidu in ta yarda ta matso: baƙin kan baƙar ya fi cika, ya rufe ƙeya ya sauko kunne, na ɗayar kuwa ɗigo ne a bayan ido da ɗan zane-zane a tsakar ka. Bakin baƙar ya fi tsawo da siranta. Gindin wutsiyarta toka ne, na ɗayar ya fi haske. Amma tabon nan shi ne alƙali. Sai ka ɗauki tsuntsuwa guda a madubi, ka bi ta har ta ba ka gefe, ka jira ta ɗaga fiffike, ka duba. Babu. Ka sake ta ka kama ta kusa da ita. Kafin ka gama da ta biyar sun cakuɗe, ba ka san wadda ka duba da wadda ba ka duba ba, sai ka koma farko. Sauƙin da ake samu shi ne in sun gaji sun jeru a kan dutse ko kututturen da ruwa ya janye ya bari, ko a kan gorar da masunta suka ɗaura wa raga. Nan ma rabinsu sun juya maka baya.

Kuma suna da zolaya, sun fi ku iyawa. Inuwar fiffike kan faɗo a ƙirji daidai wurin da tabon ya kamata ya kasance, gabanka ya faɗi, ka riƙe numfashi, tsuntsuwa ta ɗan karkata, tabo ya ɓace. A bazara abin ya fi muni. Daga Maris zuwa Afrilu mai farin fiffike ta fara mayar da baƙin gashinta, sai ka ga jikinta dabbare-dabbare, tabo a ƙirji, tabo a ciki, tabo a wuya, kowace ka duba ta zama abin tuhuma. A lokacin sai a koma duba hammata. In ƙarƙashin fiffiken ya fara yin baƙi, mai farin fiffike ce, a sallame ta. Na baƙar ba ya baƙi ko da ta gama shiga kayan aure, yana nan fari-fari mai toka. Kama da wane dai ba wane ba ne.

Na san tambayar da ke cin ku. To ka gan ta? Ban gan ta ba. Ku yi shewa, na ba ku minti ɗaya.

Kun gama? To ku ji abin da na yi da rashin ganin. Na rubuta shi. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos, kuma tun 2015 take jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu, ya jera duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa a wayarsa, ya tura. Jerin da babu baƙar tsattsewa a ciki shi ma shaida ne, domin da irinsa ake sanin cewa an duba ba a samu ba, ba wai ba a je ba. Da na so burge ku da na ce na gan ta, wa zai kama ni? Amma a wannan harka in ka ce ka ga abin da ba a saba gani ba, sai an tambaye ka hoto ko cikakken bayanin abin da idonka ya gani, kuma wanda aka kama da ƙari sau ɗaya, ko ungulu ya ce ya gani a mahauta sai an nemi shaida. Mai tambayar kuɗi kuma, ba wanda ke biyana ko sisi. Sai dai cibiyar nan ta Jos tana yaye ɗalibai masu digiri na biyu, cikinsu har da 'ya'yan Arewa maza da mata, kuma da ilimin tsuntsayen nan suke cin abinci. Saboda haka ka rage murya, kar wata rana 'yarka ta kawo maka takardar shiga ka rasa inda za ka sa fuskarka.

Wani abin da zai ba ku haushi: mai farin fiffiken nan da nake turewa gefe ina neman wata, wadda masuntan Tiga ba sa ko ɗaga kai su kalla, a Ingila baƙuwa ce ta alfarma. Guda ɗaya in ta ɓace hanya ta sauka a wata madatsar ruwa, nan da nan labari ya zaga ta waya, magidanta su bar aiki su kama hanya. A ƙarshen Agustan 2009, a madatsar Farmoor kusa da Oksifod, baƙar tsattsewa irin ta Amurka ta sauka tare da ta Turai da kuma mai farin fiffike, su uku a ruwa ɗaya, mutane suka yi ta tururuwa. Babban bambancin ta Amurka da ta Turai kuwa ɗan toka-toka ne a kuiɓi. Kafin nan, a 1989, kimanin mutum 2,500 ne suka yi dafifi a wata unguwa a yankin Kent don ganin wani ɗan tsuntsun Amurka da bai kai gwara girma ba. Bazazzagi, a nan ne Bakano ya fi ka gane karatun. Goron da ke araha a Gwanja shi kakanninmu suka riƙa shafe watanni a hanya don su kawo kasuwar Kurmi, domin sun san darajar kaya tana ga inda babu shi. Abin da Bature ke ƙona mai don ya gani guda ɗaya, ni ina da shi garke guda a bayan gida, kyauta. Ka faɗa mini wanda ya ci riba.

Masu cewa tafiyar ta yi nisa kuma, akwai wata 'yar'uwarta ta teku da ke yin ƙwai a can ƙuryar arewacin duniya ta tafi cin rani ƙuryar kudu. Binciken da aka fitar a 2010 a kan waɗanda ke tashi daga Girinlan ya nuna suna cin kimanin kilomita 70,000 a shekara, wasunsu ta gaɓar Afirka ta Yamma suke bi. Ni 70 zuwa, 70 dawowa kawai na yi, a zaune, kuna neman kai ni asibiti.

Yanzu bari in ɗan ɗaure fuska, don akwai mai tambayar da ta fi ta tukunya nauyi. Wani malamin makaranta ya ce, a ƙasar da mutane ke fama da abin sawa a baki, ƙirga tsuntsaye ba rainin hankali ba ne? Malam, ka bi ruwan Tiga ka ga inda ya nufa. Kogin Kano na haɗuwa da Challawa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya kama hanyar Yobe zuwa Tafkin Chadi. Da aka tare ruwa a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun nan kowace shekara ta ragu ƙwarai, ruwan kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan rani da damina. Wannan ya yi wa kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama masaukin jan baki, tsuntsayen da ke iya tashin gonar shinkafa ko gero a 'yan kwanaki. Je ka ce wa manomin Guri ko na Nguru maganar tsuntsu wasa ce, ka ji amsar da zai ba ka. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya kowane watan Janairu, kuma fadamun nan na cikin wuraren da ake ƙirgawa. In agwagwa da tsattsewar ruwa suka fara ƙaurace wa wuri, ruwan wurin ne ya canja, kuma mai kifi da mai shinkafa da mai shanu za su ji a jikinsu ko sun ƙirga ko ba su ƙirga ba. Gara a samu wanda ke rubutawa. Ko mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, Yarima Filib, sai da ya taka har Dagona, cikin fadamun nan, a 1989 saboda tsuntsayen nan, ban kuma ji wanda ya ce a nemo masa rubutu ba.

Ni abin da ke ba ni dariya ma shi ne dukanku 'yan harkar ne, ba ku dai yi rajista ba. Wane ne a cikinku bai taɓa jin an ce shamuwa ta iso, a fara gyaran gona ba? Wa ya koya wa kakarka cewa in ta ga sheƙarta a kan tsamiyar ƙofar gida ruwa ya kusa, kuma ba a taɓa ta? Shamuwar nan in ta bar mu da kaka, ƙetare tsakiyar duniya take yi ta tafi kudancin Afirka, ta dawo mana da bazara. Lura da ranar zuwanta da ranar tafiyarta shi ne ainihin aikin da nake yi a Tiga, illa dai ni na ƙara da biro. Masu kiwon tattabaru kuwa, waɗanda ke iya gane tasu guda ɗaya a cikin garken da ke sama har su yi rantsuwa a kanta, ku ban yarda ku yi mini dariya ba sam. Idonku nake nema. Da ɗayanku zai bi ni bakin ruwa, da tuni an wuce wurin.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da suke kan hanya, wato daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba in suna saukowa, da Afrilu zuwa Mayu in suna komawa. Mai son zuwa ya zo da hularsa da ruwan shansa da haƙurinsa. Yaro mai danƙo ya bar shi a gida. A Ghana an yi zamanin da yaran bakin teku ke kafa wa tsattsewar teku tarko da ɗan kifi don wasa, har abin ya taɓa wani iri mai wuyar samu da ke yin ƙwai a tsibiran Ayalan da Birtaniya. Zoben da aka sa wa tsuntsayen a ƙafa tun suna 'yan tsaki shi ya tona inda suke ƙarewa. Daga 1985 aka tashi aikin ceto su, Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu na cikin jagororinsa, aka bi makarantu da garuruwan masunta ana wayar da kan yara.

Irin wannan zobe yana zuwa har wajenmu. Masunta da mafarauta da manoman fadama, wata rana za ku tsinci tsuntsu a raga ko a gona da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa, da lamba da sunan wani gari a jiki. Ba na aljanu ba ne, ba kuma laya ba ce, kuma ba mai saye. Ku kwafe lambar da rubutun daidai yadda suke, ko ku ɗauke su hoto da waya, ku haɗa da ranar da sunan wurin, ku ba wani malamin makaranta ko ma'aikacin gandun daji ya aika wa cibiyar nan ta Jos. In tsuntsun na da rai, ku bar masa zobensa ku sake shi.